Mene ne haƙƙin ɗalibi mai lalura a kan malamin da ke koyar da shi?

Malamin ƙididdiga, Bauchi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina koyar da darasin ƙididdiga ga 'yan shekara ta biyu a wata kwalejin horar da malamai da ke jihar Bauchi, yau shekara 11 ke nan, amma sai a wannan zangon na haɗu da abin da ya ɗaure mini kai. Ɗaliban da suka yi rajistar kwas ɗin sun haura 250. A cikinsu akwai wani matashi makaho da yake zuwa da sandarsa, wani abokinsa yana yi masa jagora, sannan akwai wata yarinya da ban gane cewa ba ta ji sosai ba sai a mako na huɗu, ranar da na jefa mata tambaya ina rubutu a allo, ta yi shiru tana duban littafinta, ajin ya kwashe da dariya. Babu wanda ya sanar da ni halin da su biyun suke ciki, ko daga ofishin rajista ko daga sashenmu.

Makon jiya matashin ya same ni a ofis, ya gaishe ni cikin ladabi, ya nemi abu uku: in bar shi ya riƙa naɗar lacca da wayarsa, in ba shi takardun darasi ta yadda kwamfuta za ta iya karanta masa, in kuma faɗa masa yadda zai rubuta gwajin da za mu yi a mako na takwas. Na ce masa zan duba, domin gaskiya ba ni da amsar ko ɗaya. Ƙididdiga darasi ne na jadawali da zane da alamomi, rabin abin da nake koyarwa a kan allo yake ƙarewa. Da na kai maganar ga wani abokin aikina da ya girme ni, sai ya ce kada in wahalar da kaina, in bar yaron ya zauna yadda ya saba, ranar haɗa sakamako in ba shi makin da zai tsallake, Allah zai ba ni lada. Zuciyata ba ta kwanta da wannan shawara ba, sai dai kuma ba ni da wata a hannu.

Abin da nake roƙon masana su warware mini shi ne, mene ne wajibi a kaina a matsayina na malamin aji, mene ne kuma ya rataya a wuyan hukumar makaranta? Idan na ƙara masa lokaci ko na sauya masa fasalin tambaya, ban zalunci sauran ɗalibai ba? Ita kuma yarinyar da ba ta zo neman komai ba, in kira ta ne, ko in ƙyale ta don kada in tona mata asiri?

Malamar ilimin masu buƙata ta musamman, Gombe

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya saka maka da alheri da ka tsaya ka yi tambaya. Zan fara da doka, saboda har yanzu mutanenmu suna ɗaukar wannan lamari alfarma ce, alhali haƙƙi ne rubutacce. Dokar hana nuna wariya ga nakasassu ta 2018, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Janairun 2019, ta wajabta wa duk makarantar gwamnati, tun daga firamare har zuwa gaba da sakandare, ta zama mai karɓar kowa, ta tanadi aƙalla ƙwararren ma'aikaci ɗaya da zai kula da karatun masu lalura, ta kuma samar da kayan da karatun nasu yake buƙata. Ta ba gine-ginen da jama'a ke amfani da su wa'adin shekara 5 su gyara hanyoyin shiga, wa'adin da ya cika tun farkon 2024. Ta kuma yanka tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutumin da aka kama da laifin wariya, naira miliyan 1 idan kamfani ko hukuma ce. Tun kafin ita ma, a 2010, Najeriya ta tabbatar da amincewarta da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu.

Duk abin da yake buƙatar kuɗi ko sa hannun hukuma na makaranta ne: ɗaukar tafintan maganar hannu, sayen injin rubutun makafi na Braille, gina gangarar keken guragu, sauko da lacca daga bene zuwa ƙasa, da tsara yadda za a yi jarrabawa. Naka a nan shi ne ka kai ƙorafi a rubuce, ka kuma bi sawunsa. Abin da yake naka kai tsaye shi ne duk abin da yake fita daga bakinka da hannunka a cikin aji, kuma wannan babu shugaban sashen da zai yi maka shi.

Game da tsoron zalunci, ka tambayi kanka me kowace tambaya take aunawa. Idan abin da kake nema shi ne ko ɗalibi ya san yadda ake fitar da matsakaicin adadi da abin da sakamakon yake nufi, to ko da biro ya rubuta, ko da kwamfuta, ko da baki ya shifta wa wani, abu ɗaya ka auna. Ƙarin lokaci kuwa yana cike giɓin da ke tsakanin mai duban takarda da ido da mai bin ta da yatsa ko da kunne, ba ya sa wa kowa amsar da bai sani ba a kansa. Inda zalunci zai shigo shi ne ka rage masa nauyin abin da ake so ya sani, wanda shi ne ainihin abin da abokin aikinka ya ba ka shawara.

Akwai wani abu a ajinka da ya kamata ka lura da shi, domin ɗalibanka biyu buƙatarsu ta yi hannun riga. Makahon yana son ka faɗi duk abin da kake rubutawa, yarinyar kuma tana son ganin bakinka duk lokacin da kake magana, ga shi mu malamai mun saba magana muna ba aji baya. Mafitar ita ce ka raba aikin biyu: ka rubuta tukuna bakinka a rufe, ka juyo ka fuskanci aji, sannan ka karanta abin da ka rubuta ɗaya bayan ɗaya. Ka kuma yaye kanka daga kalmomin "wannan" da "nan" da "can". Idan ka ce a ɗauko wannan a raba da wancan, makaho bai ji komai ba. Idan ka ce a ɗauko jimillar layi na uku, wato 84, a raba da yawan mutanen, wato 12, ya ji darasi, haka ma waɗanda suke kujerun baya da ba sa hango allon. Idan wani ɗalibi ya yi tambaya daga tsakiyar aji, ka maimaita ta kafin ka amsa. Zai ci maka wasu mintuna a makon farko, daga baya ya zama jiki.

Tsohon ɗalibi mai lalurar gani, Gombe

Malam, Allah ya ƙara maka lafiya. Ni makaho ne tun ina ɗan shekara 6, kyanda ce ta tafi da idanuna. Na koyi rubutun Braille a makarantar makafi ta Gindiri da ke jihar Filato, wadda aka kafa tun 1953, na yi digiri a wata jami'a da ba sai na ambaci sunanta ba, yanzu ina koyarwa a wata sakandare. Wayata ce ta karanta mini tambayarka, da ita kuma nake rubuta wannan amsa.

Shawarar abokin aikinka na san ta, domin a kaina aka yi ta. A shekarata ta biyu wani malami ya hana ni shiga gwajinsa, ya dafa kafaɗata ya ce in je in huta, ya san abin da zai yi. Da sakamako ya fito aka karanta mini, ya ba ni maki 50 cif. Na shafe wata guda ina bitar kwas ɗin, kuma da an bar ni na rubuta, ko dai in ci fiye da haka, ko in faɗi da gumina, wanda shi ma ya fi mini daraja. Abin da ya fi ciwo shi ne abokan karatuna sun ji labari, daga ranar kuwa duk makin da na ci, har wanda na kwana ban yi barci ba a kansa, sai a ce ai tausayi ne. Shi malamin yana ganin sadaka ya yi. Mu kuwa gudun sadakar bakin masallaci da tashar mota ne ya sa iyayenmu suka kai mu makaranta. Kowa ya san dalilin saukar Suratu Abasa, kuma abin da makahon sahabi Abdullahi ɗan Ummi Maktum ya zo nema a wannan rana ilimi ne, daga baya har Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya riƙa barin masa Madina yana yi wa mutane limanci.

Batun takardun darasi yana da sauƙi idan aka gane abu ɗaya. Manhajojin da muke amfani da su, irin su NVDA a kwamfuta, wadda kyauta ce, da JAWS mai tsada, da TalkBack a wayoyin Android, rubutu suke karantawa. Hoton takarda da aka ɗauka da waya aka jefa a zauren WhatsApp na aji, a wurinmu kusan daidai yake da farar takarda, haka ma PDF da aka haɗa da hotunan shafuka. Akwai manhajojin da suke ƙoƙarin ciro rubutu daga hoto, amma da sun iso kan jadawali da alamomin lissafi sai su dagula komai. Ka ba shi ainihin fayil ɗin Word da ka buga, kwana biyu ko uku kafin lacca. Jadawalin ya zama mai sauƙi, kowane layi da kansa, kuma duk inda ka sa wata ƙa'ida ta lissafi da alamomi ka sake rubuta ta da kalmomi a ƙasa. Na san dalilin da ya sa wasu malamai ba sa son sakin fayil, takardun sayarwa suke yi, suna tsoron ya bazu. Idan haka ne a karɓi kuɗinsa kamar kowa a ba shi abin da zai amfane shi, domin sau da yawa na sayi takardar da ban taɓa sanin abin da ke cikinta ba.

Zane kuma ba gagara-badau ba ne. Kwali da zare da gam sun isa a yi layukan tsaye da na kwance, a yanka wani kwalin a manna ya zama ginshiƙai, a yi ɗigo da ƙwayar wake. Da irin wannan na gane abin da ake nufi da lanƙwasa mai siffar ƙararrawa, bayan na yi shekara ina jin sunanta kawai.

Roƙona na ƙarshe, idan za ka yi masa magana ka kira sunansa ka yi da shi, kada ka tambayi ɗan jagoransa me yake so alhali yana tsaye a gabanka. Idan kuma za ka bar wurin ka faɗa masa. Na sha ci gaba da bayani ga malamin da ya daɗe da fita.

Jami'in jarrabawa na wani sashe, Bauchi

Ban ƙi abin da Malama da ɗan'uwanmu suka faɗa ba, sai dai ina da gyara daga ɓangaren da nake aiki. Malam, kada ka kuskura ka shirya wa yaron nan gwaji kai kaɗai a ofishinka bisa kyakkyawar niyya. Ranar da sakamako ya je gaban kwamiti aka ga takardar amsa da rubutun wani, ko aka ga maki babu takarda sam saboda da baki aka yi, kai za a tuhuma, shi kuma a riƙe masa sakamako. Ka rubuta wa shugaban sashe takarda, ka ba jami'in jarrabawa da ofishin kula da harkokin ɗalibai kwafi, ka lissafa abin da ɗalibin ya nema da abin da kake ganin zai yiwu. Amfanin takardar ya wuce kwas ɗinka, domin yaron yana da wasu malamai bakwai ko takwas a wannan zangon, bai kamata ya bi su ofis-ofis yana roƙo ba.

A Amurka, inda dokokin kare haƙƙin nakasassu na 1973 da 1990 suka kafa wannan tsari, ɗalibi yana kai shaidar likita ne ga ofishi na musamman, ofishin ya rubuta wa malami wasiƙa cewa wane yana da damar ƙarin lokaci ko mai rubuta masa, ba tare da an faɗi ciwonsa ba, malamin kuma ba shi da hurumin tambaya. A yawancin makarantunmu babu wannan ofishi, shi ya sa malami yake zama likita da alƙali a lokaci guda, kuma wannan ba aikinsa ba ne. Shaidar lalura asibitin makaranta ya kamata ta je. Ba kuma sabon abu za ka ƙirƙiro ba. Hukumar JAMB tun 2017 ta kafa kwamiti na musamman ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola da yake shirya wa makafi jarrabawa a cibiyoyin da aka keɓe, WAEC ma tana buga tambayoyi da Braille da manyan haruffa tana ƙara lokaci. Yaron da ya bi ta waɗannan ƙofofi ya iso gare ku, ba hujja a ce a kwaleji ne abin ya gagara.

Idan mai rubuta masa za a sa, makaranta ce za ta zaɓa, kada ya zama abokinsa ɗan jagora, kada kuma ya zama wanda ya riga ya ci kwas ɗin, amma dole ya san yadda ake rubuta alamomin, in ba haka ba yaron zai faɗi daidai a rubuta masa kuskure. A ba su ɗaki daban da mai sa ido, saboda shifta tana damun sauran. Naɗar lacca kuma ka yarda, ya sa hannu cewa don karatunsa ne kaɗai.

Inda na saba da Malama shi ne yadda ta sa abin ya yi kamar mintuna kaɗan ne. Malamin da yake riƙe da kwas huɗu da ɗalibai kusan dubu, ga wutar lantarki yadda take, a ce ya sake buga takardunsa ya yanka kwali, aiki ne na gaske, kuma babu wanda zai rage masa wani nauyi saboda shi. Wajibi ne, na yarda, amma a daina yi wa hukumomi shiru suna sauke nasu wajibin a kan imanin malamai.

Mahaifiyar wata ɗaliba, Azare

Malam, ni ba malama ba ce, uwa ce, kuma kowa ya yi maganar makahon an bar yarinyar. 'Yata ta rasa yawancin jinta bayan sanƙarau tana aji biyar na firamare, yanzu tana karatun gaba da sakandare. Ka kira ta, domin wadda aka yi wa dariya a gaban mutum 250 ba za ta kawo kanta ba. Amma kada ka kira ta a gaban aji, kada kuma ka aika wakilin aji da saƙon dalili. Ka sa wata malama mace ta zauna tare da ku, ka ajiye takarda da biro a tsakani, ka fara da ba ta haƙurin abin da ya faru, sannan ka tambaye ta me zai taimaka mata. Ita ta fi kowa sani.

Kada ka ɗauka ɗaga murya zai yi magani, domin ihu yana sauya siffar baki, ita kuma bakin take karantawa. Na'urar da ake sa wa a kunne ma tana ƙara ƙarar fanka da janareta da surutun aji tare da muryarka. Kada kuma ka ɗauka duk mai lalurar ji ya iya maganar hannu. Wadda ta kurmance da girmanta sau da yawa ba ta iya ba, kuma maganar hannun da kurame suke yi a kasuwa da unguwa daban take da ta makaranta, wadda ta samo asali daga ta Amurka ta hannun Andrew Foster da ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960. Abin da ya fi cutar da 'yata shi ne sanarwar baki. Malami zai ce an mayar da gwaji ranar Laraba a wani ɗakin yana tattara takardunsa, kowa ya ji ban da ita. Sau biyu tana rasa gwaji ta haka. Duk sanarwa ka rubuta ta a allo.

Ka kuma sani a cikin 250 ɗin nan da wuya a rasa mai sikila ko mai farfaɗiya ko zabiya da ba ya ganin allo daga nesa, waɗanda ƙa'idar halartar kashi 75 cikin 100 na lacca take kayar da su ba don lalaci ba. Ka faɗa wa ajin gaba ɗaya cewa duk mai wata lalura yana iya samunka a keɓe.

Malamin ƙididdiga, Bauchi

Na gode muku ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na rubuta takardar kamar yadda jami'in jarrabawa ya ce, shugaban sashe ya sa hannu ya tura gaba, an amince da ɗaki daban da ƙarin lokaci. Na ba matashin fayil ɗin makonni shida da suka wuce, washegari ya dawo mini da kurakurai biyu da ya tsinta a jadawalin mako na uku, waɗanda shekara huɗu ina raba takardar babu wanda ya nuna mini su.

Hajiya, na bi shawararki. Yarinyar ta ce kunnenta na hagu ne yake ɗan ji, tana son kujerar gaba ta ɓangaren da zan kasance a hagunta, kuma ba ta son a sanar da aji komai. A sanarwar da na yi wa kowa kuma mutum uku sun zo, biyu masu sikila ne.

Saura matsala ɗaya. A gwajin akwai tambayar da ake zana ginshiƙai daga jadawali, na shirya in ba shi na kwali ya shafa ya fassara, sai dai shi ya fi son a buga masa dukkan tambayoyin da Braille maimakon a karanta masa, makarantarmu kuwa ba ta da injin. Saura kwana 12. Idan akwai wanda ya san inda ake buga takardar jarrabawa da Braille a cikin Bauchi ko Gombe, da yadda ake yi a tsare sirrin tambayoyin tun daga bugawa har zuwa ranar gwaji, ina roƙon ya yi mini bayani.